Tudun Ƙofar Baba

Mai Igiya ake ce masa a unguwa, don tun yana kwaɓa wa magina siminti ba ka raba aljihunsa da igiyar awo. Karkataccen abu hana shi sukuni yake yi; ko gaisuwa ya je gidan mutane, sai ya tashi yana daidaita musu hoton bango. Ya miƙe gidajen jama'a ba iyaka, amma na mahaifinsa ya gagare shi. Tsohon da hannunsa ya gina shi: ƙofar ɗaki ta zame gefe, bakinta da wani tudu kamar na gayya, kuma tun da idonsa ya tafi ya hana a taɓa ko ƙusa.

Sai ga gobara. Wayar lantarki ce ta haɗu da rana tsaka. Kowa ya fita lafiya, amma rufi ya tafi. Aka kai Baba gidan ƙanwar Mai Igiya, inda ko bayi sai an ja shi, abin da ya fi tsana a duniya.

Mai Igiya ya shiga cikin toka yana ƙwanƙwasa bango da ƙotar guduma. Inda ya amsa da ƙarfi ya bari, inda ya yi ƙarar fanko ya shata da alli a rushe. Katakon da ya yi baƙi ya kankare da wuƙa, ya ga iya inda wuta ta ci. Ya ji zafin gobarar, gaskiya ne, amma kada mu rufa masa asiri, can ƙasan ransa har da ɗan daɗi. Ya dawo da ƙofa tsakiya, ya fashe tudun, ya shafe bango sumul.

Ranar komawa Baba ya fizge hannunsa, ya ce ba a jansa a gidansa. Ya ɗaga ƙafa inda ya san tudu, ya taka iska, ya yi taga-taga. Ya nufi inda ya san ƙofa, goshinsa ya daki sabon bango. Ya tsaya cik.

"Gidan wa kuka kawo ni?"

Ƙanwar ta ce a hankali zai saba. Mai Igiya, da kunya ta gama rufe shi, ya ce tsoho mai waɗannan shekaru ba zai koyi sabon gida ba, kuma shi ba zai bar ubansa a hannun ɗan jagora ba. Washegari ya sa guduma a aikinsa. Maƙwabta suka ce magini ya zautu, ko a jikinsa. Ya bi tabon da tsohon bango ya bari a ƙasa ya mayar da ƙofa gefenta, ya sake ɗora tudun yana cije leɓe. Wurin ƙusar da tsohon ke rataye hula kuwa, sai ya sa Baba ya miƙa hannu, inda ya sauka nan ya kafa. Igiya tana aljihu har aka gama.

Wannan karon Baba ya ɗaga ƙafa, tudu ya tare ta. Ya shige ɗaki, ya rataye hularsa ba lalube. Ya ce wa 'yarsa ta koma gidanta, ya iso. Sannan ya shafa karkatacciyar ƙofar tun daga sama har ƙasa, ya juyo wajen ɗansa.

"To, sai yau ka iya gini."