Malam Isyaku Mai Kushin, Wanda Ya Auna Ni Har da Hula

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da hantsi labarin ya same ni, ina gona a hanyar Getso ina korar wata akuya da ta fi ni sanin inda wake ya nuna. Uwar yara ce ta kira, kuma ba ta ja gaisuwa ba, abin da ba halinta ba ne. Ta ce, "Malam, ka dawo gida. Malam Isyaku mai kushin lokaci ya yi." Na ce wane Isyakun, alhali Isyaku mai kushin ɗaya ne a Gwarzo, kuma na fi kowa sani. Jinyar kwana uku ce kawai. Na tsaya riƙe da waya, akuya ta koma aikinta, ban ƙara korarta ba.

Ni ba marubuci ba ne. A aji huɗu na firamare muka rabu da boko cikin mutunci, babu wanda ya riƙe wani. A ajin nan na san marigayi, benci ɗaya muke zama. Ni lissafi ne ya kore ni, shi kuwa ina jin malamai ne suka gaji da tambayoyinsa. Ya koyi ɗinki, daga baya ya koma gyaran kujerun mota, ya kafa rumfa kusa da tasha, a nan ya yi furfura. Masu ilimi za su faɗi ibadarsa da zumuncinsa, kuma duk gaskiya za su faɗa. Ni abin da na sani zan rubuta: mutum ne da abu ba ya wuce shi sai ya tambayi dalilinsa.

In direba ya kawo masa kujerar da ta lotse a gefe ɗaya, ba ya taɓa soso sai ya ce, "Taka ka je bakin titi ka dawo in gani." A gabana ya ce da wani direba, "Kujerarka lafiyarta ƙalau. Ƙugunka ne ba lafiya, ka je a duba ka." Yana da tef na awo, amma a jikin ƙusa yake kwana. Da karan dawa yake aiki. Sai ya gwada kara a jikin mutum, ya yi masa tsaga da wuƙa, ya rubuta sunan mai shi, ya soke a rufin rumfa. Yakan ce, "A auna mai zama kafin a auna wurin zama."

Yanzu sai in faɗi abin da ya yi mini, ko da yake ni ne abin dariya a ciki.

Ɗana na fari, wanda ba na kama sunansa, a gida Abba ake ce masa, ya bar gona ya tafi Legas sayar da kayan waya. Ban so ba, kuma ban ɓoye ba. Bayan shekaru ya dawo zai yi aure a Kabo, ya zo da wata jar mota ta hannu irin ta tsere, ƙofa biyu, kujera biyu, tana manne da ƙasa kamar kunkuru. Da yamma a majalisa aka tambaye ni yaya na ga motar ɗana. Na ce, "Motar da ba ta ɗaukar buhun gero ko ɗaya, ai takalmi ce." Aka yi dariya sosai. Ban san yana tsaye a bayana ba, ya zo gaishe da mutane.

Kun san yadda muke da ɗan fari. Ba ka kiran sunansa, ba ka yabonsa, ba ka dafa kafaɗarsa. In kana son sa, sai dai ya ji a bakin wasu. Ni kuma na haɗa wannan kunya da bakin barkwanci, abin ya yi wa yaro yawa. Sai ya aiko uwarsa da saƙo: yana so ranar ɗaurin aure a motarsa zan je Kabo, shi da kansa zai tuƙa ni. Ta ƙara da cewa, "Ya ce in ba ka shiga ba, to ya san matsayinsa. Zai ɗauki matarsa su koma Legas, filin nan na bayan gida kuma a ba wani ya gina."

Na gwada, Allah shaida. Amma ba a banza ake ce mini Sale Dogo ba. Na shiga kamar ana cusa tabarma a buhu. Kaina ya daki rufi, hula ta lotse ta zamo ta rufe mini ido. Abba ya ce, "Baba, ka riƙe ta a hannu mana, in mun isa sai ka sa." Na ce, "In ratsa garin Gwarzo da sanƙo a waje, kowa yana leƙe? In isa gaban surukai kamar wanda aka koro?" Gaskiyar da ban gaya wa kowa ba ita ce a raina har na ji daɗi. Ga uzuri ya zo da ƙafarsa. Wani mai walda ya kawo shawarar a yanke rufin a ɗaga shi, Abba ya dube shi kamar an ce a yanka masa ɗa.

Babu wanda ya kira Malam Isyaku. Labari ya ji, ya rufe rumfa ya zo. Ya zagaya motar sau uku, ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashinta, ya miƙe yana kaɗe gwiwa.

Ya ce, "Sale, ka san abin da ke damuna? Waɗanda suka ƙera wannan ba wawaye ba ne. Me ya sa suka yi ta gajeriya haka? Babu dogaye ne a ƙasarsu?"

Abba ya ce don kada iska ta riƙe ta in tana gudu.

"To, masu tseren, haka suke shiga kai ba hula?"

Abba ya zaro waya ya nuna masa wani yana tsere sanye da hular kwano. Malam Isyaku ya sa aka maimaita masa har sau uku. Ya ce, "Tsaya, tsaya. Wannan kwanon ai ya kai hular Sale tudu. Yaya aka yi bai taɓa rufi ba?"

Abba ya ce ai cire kujerar da mota ta zo da ita suke yi, su sa wata siririya mai zurfi wadda mutum yake nutsewa a ciki, kujerar bokiti ake ce mata.

Marigayi ya tafa hannu. "Allahu Akbar! Ashe su ma matsalar hula gare su. Sale, ga 'yan'uwanka nan a ƙasar Turawa ba ka sani ba."

Daga nan aiki ya zama nasa. Ya kora ni cikin gida in sako ainihin hular da zan sa ranar, zannata mai tsayi, ya ce ba zai auna hular aro ba. Ya zaunar da ni a benci, ya gwada kara daga katako har ƙololuwar hula, ya yi tsaga. Ya shiga mota da karan ya gwada daga ƙasa zuwa rufi. Da suka kwance tsohuwar kujera ya kira ni in gani: ga soso mai kauri, ga wani ɗan inji a ƙarƙashi mai ɗaga ta da sauke ta. Ya ce, "Ka ga ɓarawonka. Wannan injin kaɗai ya cinye maka yatsu uku." Ya juya injin a hannu ya fi minti goma yana kallo, kamar mai karanta wasiƙa.

Sau biyu suka je kasuwar kayan mota a Kano shi da Abba. Zuwan farko ya ƙi karɓar kujerun da aka nuna musu, don ya ƙwanƙwasa bayan ɗaya ya ji tana amsawa kamar fasasshiyar tukunya. A na biyu suka samo masu lafiya. Ya sa aka yanka masa faffaɗan ƙarfe aka yi musu gindi gajere, ya ɗaure su a ramuka huɗun da motar ta zo da su. Mai walda ya ce a liƙe su da ƙasan mota kawai a huta. Ya ce, "Ramin da wanda ya ƙera ta ya huda, ya san dalilinsa." Ya ɗan kwantar da tawa baya, ya ɗinka mata soso marar kauri. Da ya zo mayar da bel na ce ya bar wahala, ni ba na ɗaurawa. Ya ce, "Hularka aka ba ni amana, amma kan da ke cikinta ma ina so ya dawo gida."

Ranar gwaji na zauna, ya zura yatsu tsakanin hulata da rufi. "Biyu," in ji shi. "Ɗaya na hula, ɗaya na gargadar hanya." Uzurina ya mutu a gabana ina kallo.

Da Abba ya matsa gefe, Malam Isyaku ya rage murya ya ce, "Sale, ka san yaron nan babu notin da bai san aikinsa ba a motar nan? Ka taɓa tambayarsa yadda yake sana'arsa a can?" Na ce ai ɗan fari ne. Ya ce, "Kunya aka ce ka ji, ba a ce ka toshe kunne ba."

Ranar ɗaurin aure na sha babbar riga ta shadda, daga wurin bugu aka kawo ta, tana iya tsayuwa ba ni a ciki. Shiga ba ta ba ni wuya ba, faɗawa kawai na yi. Muka kama hanyar Kabo, hula na kaina daram. Ban taɓa zama ni da yaron mu biyu kaɗai na tsawon haka ba. Sai na tuna da maganar Isyaku, na nuna wata allura a gaban sitiyari na ce, "Wannan kuma me take ƙirgawa?" Tambaya ɗaya tak. Bai rufe baki ba har muka shiga Kabo. Daga allura ya koma Legas, ya koma shagon da ya taɓa ƙonewa bai gaya wa kowa ba, ya koma yadda yake son ɗakin da zai gina ya kalli gabas.

Muka tsaya a ƙofar masallaci, jama'a cike. Aka buɗe mini ƙofa. Na yunƙura, ban tashi ba. Kujerar ta kama ƙuguna ta gefe biyu, gwiwoyina sun fi mazaunina tudu, babbar riga ta cika sauran wurin. Na sake yunƙurawa. Na uku har da "Ya Allah". Wani daga cikin dangin amarya ya ɗaga murya ya ce, "Ango ya iso, uban ango kuma yana hanya!" Aka kwashe da dariya. Ni da nake sa a yi wa mutane dariya, ranar na ɗanɗana miyata.

Abba ya zagayo, ya tsuguna a gabana cikin fararen kayansa, ya miƙo hannu biyu. Ya ce, "Baba, kama." Rabon da in riƙe hannunsa tun yana tatata. Na kama. Ya ja, na miƙe, hula ba ta ko karkace ba. Kuma ban saki hannun nan da wuri ba, kowa ya gani, ban damu ba.

Ashe Malam Isyaku ya biyo mu a babur don ya ga yadda aikinsa zai kaya. Ya kutso cikin mutane, ko kallona bai yi ba, kujerar ya leƙa. Ya ce, "Sale, laifina ne. Na auna shiga, ban auna fita ba." Ya ce a kawo ta gobe ya sa mini abin kamawa. Abba ya ce, "A bar ta haka, Baba Isyaku."

Har yau ina mamaki. Mutumin da ya ƙi auna hular aro, shi ne zai manta cewa wanda ya shiga mota sai ya fita? Na tambaye shi ya fi a ƙirga, in ce ya gaya mini tsakaninsa da Allah kuskure ne ko da gangan. Sai ya yi dariya ya ce, "Kai dai ka fito ko ba ka fito ba?" Ya tafi da amsar. Abin da na sani shi ne an gina filin bayan gida, ɗakin yana kallon gabas, kuma duk Juma'a sai an ciro ni daga motar nan da hannu biyu.

Da na iso gidan rasuwa daga gona, an gama wanka, masu haƙa kabari suna jiran awo. Ƙanin marigayi ya ce, "Malam Sale, kai ne abokinsa tun ƙuruciya. Kai za ka auna shi." Rumfarsa ba nisa, na je in ɗauko kara a cikin damin da yake ajiyewa. Na ɗaga kai, sai ga karare a soke a rufi, kowanne da suna. Nawa ya fi duka tsawo, an rubuta a jikinsa da hannunsa: Sale da hula. Na ɗauki sabo na koma. Na gwada daga kansa zuwa ƙafarsa, na karya a inda ya tsaya. Sai a lokacin na lura ashe gajeren mutum ne. Shekara da shekaru ban taɓa ganinsa haka ba.

Mu ma shiga kawai muka iya auna masa. Fita tana wurin Wanda ba Ya kuskuren awo.

Ya Allah, bawanka Isyaku ya nema wa mutane sarari a inda ya yi musu ƙunci, Ka yalwata masa kabarinsa iyakar ganinsa, Ka haskaka shi. Ka gafarta masa kurakuransa, Ka ba shi ikon amsa tambaya, shi da ya ƙare rayuwarsa yana yin ta. Ka sa Aljanna Firdausi ce makomarsa. Ka ba mai ɗakinsa Malama Talatu da 'ya'yansa da jikokinsa haƙurin wannan rashi, Ka zama gatansu, Ka albarkaci abin da ya bari. Mu kuma da kararenmu ke soke a rufin rumfarsa, in namu awon ya zo, Ka sa mu cika da imani. Amin.