Ranar da Baba Haladu ya sa takalma a makara

Ku da kuka san Baba Haladu kun san shi da tsumma a kafaɗa da yatsa a baki. Kafin ka gama sallama ya ce maka shiii! Shi ke kula da ɗan ɗakin karatun nan na bayan masallacin unguwar Al-Oud, kusa da maƙabarta, kuma wallahi ko limami ne ya yi tari a ciki sai ya sha harara.

Ni tsoro ne ya kai ni wurinsa, ba son ilimi ba. Na gudu daga hannun kafilina, ubangidan da ya tsaya mini na shigo ƙasar Larabawan nan aiki, iƙamata, wato takardar izinin zamana, ta mutu, in aka kama ni sai gida, ga matata da ciki a Katsina tana jiran abin da zan aika. Wani ya ce mini in rana ta yi zafi ko kamen marasa takarda ya tashi, in faɗa wurin tsohon nan, ba ya tambayar takarda.

Ba ya tambaya kam, amma yana da doka. Takalmi a waje, littafi a hannu. Barci ma ya halatta, muddin littafin na buɗe a ƙirjinka. Isuhu, wani ɗan Maraɗi mai aikin gini da ko baƙi bai sani ba, ya yi wata guda yana riƙe da wani ƙaton littafi a kife. Na raɗa wa Baba, sai ya ce in bar bawan Allah, ai daga ƙasa yake farawa, ni da na riƙe nawa daidai me na ƙaru da shi ban da minshari?

Ga maƙo! Na'urar sanyi ba ta tashi sai ya ji ana buɗe shafi. Da ya ga mun lafe sai ya kashe, nan take ka ji ƙarti suna ta kaɗa takarda kamar masu jarrabawa gobe, shi kuwa yana murmushin mugunta. Aro kuwa haramun. Wani ɗalibin jami'a daga unguwar Malaz ya roƙe shi littafi na kwana ɗaya, ya ce masa littafin ba shi da lafiya, ba ya fita rana.

To, ranar da ba zan manta ba, bayan azahar ne kame ya tashi daga wajen unguwar Batha. Muka kwararo ɗakin, kowa ya warci littafi. Sai Baba ya leƙa ƙofa ya ga abin da mu ba mu gani ba: tulin takalman aikin gini, duk siminti, suna shelar cewa ga mu nan ciki. Shigo da su kuma ba zai yiwu ba, don a wurinsa gara a kwashe mu duka da takalmi ya taka kafet ɗinsa.

Kun san abin da tsohon nan ya yi? Makarar masallaci ya jawo, ya loda takalman, ya lulluɓe da koren mayafi, ya zauna a gefe yana jan carbi. Da ɗan sanda ya zo ya ga ƙofa fayau ba takalmi ko ɗaya, ga kuma makara a rufe, sai ya sassauta murya ya tambayi wanda ya rasu.

Baba ya ce, "Matafiya ne, sun sha tafiya, sun gaji."

Mutumin ya yi musu addu'ar rahama ya wuce. Muna ciki dariya na neman kashe mu, ba halin yi. Isuhu har ya ciji littafinsa, kuma Baba bai yafe masa wannan cizon ba har abada. Da na ce, "Baba, ka yi wa hukuma ƙarya," sai ya ce in nuna masa inda ƙaryar take, takalmin nawa bai sha tafiya ba?

Da wannan rufin asiri na kai lokacin da na sami sabon kafili, takarduna suka gyaru, na je gida na ga ɗiyar da aka haifa mini da idona.

Sai bayan ya rasu muka sani. Gawarsa ta daɗe a asibiti don an rasa takardar da za a sallame ta da ita, ashe tasa iƙamar ta riga tamu mutuwa da shekaru. Duk ranar da ya zauna a bakin ƙofar nan yana tare mana, shi ne na farko da za a ɗauka. Ni na yi ta zirga-zirga har aka ba mu shi, ina tafe ina kuka ba kunya. Ranar jana'iza kuwa, mutanen da ko shago ba sa zuwa don tsoro suka fito da rana tsaka, sahu ya cika har titi.

Allah ya jiƙan Baba Haladu, ya sanyaya makwancinsa. Yadda ya rufa mana asiri a ƙasar mutane, ya Allah ka rufa masa nasa ranar da babu wurin ɓuya. Amin.