Hirar Annoba a Takoma Park

A shekarar da cutar Ebola ta ɓarke a Afirka ta Yamma ina ajin ƙarshe a jami'a, ina zaune a gidan Kawu, ƙanen mahaifiyata, a Fort Washington, a Amurka. Tarihin Turai nake karantawa, ƙarni na sha huɗu da na sha biyar, zamanin da annoba ta share garuruwa, coci ta rabe kowane ɓangare da fafaromansa, Ingila da Faransa suka yi ta yaƙi har jikoki suka gaji faɗan kakanni. Burina in zarce digiri na biyu a kan wannan. Abba, mahaifina, daga Gusau ya ce in na gama in shiga karatun jinya. Bai taɓa ɗaga murya ba. Tambaya ɗaya yake yi mini duk ranar da muka yi waya: "Mamana, wannan karatun naki wa zai amfana?" Ni kuwa ban iya dogon zance da shi ba. In gaishe shi, in ce to, in miƙa wa Kawu waya.

Kawu likita ne, amma yana bayana. Shi ya kawo dabara. Akwai wani dattijo a Takoma Park, tsohon ma'aikacin rediyo da ya yi ritaya, yana naɗar shiri a gidansa yana aika wa wata ƙaramar tasha a can gida. Abba ba ya bari shirin ya wuce shi. Dattijon yana neman wanda zai yi magana a kan annobar da, tunda hankalin kowa na kan ta yanzu.

"In Abbanki ya ji muryarki a rediyo kina zuba bayani, magana ta ƙare," in ji Kawu. "Ya ce mini zai saurara kafin ya yanke hukunci."

Na shirya kamar mai shiga jarrabawa. Na rubuta komai da Hausa a ƙananan katuna. Na daɗe ina neman yadda zan bayyana cewa bayan mutane sun mutu, manoman da suka rage sun ga hannu ya yi ƙaranci, suka fara ɗaga kai gaban masu gonaki, sarauta ta fara girgiza. Wannan ne wurin da na fi so, shi nake so Abba ya ji. A jirgin ƙasa ina maimaitawa a zuci, a kicin ina yi wa tukwane.

Ranar Asabar da hantsi Kawu ya kai ni. Dattijon ya tarbe mu da fara'a, dogo ne, muryarsa kamar ana buga ganga a nesa. Tun ina yarinya na san muryar nan, daga rediyon Abba. Na durƙusa na gaishe shi. Muka sauka ɗakin ƙasa inda ya jera na'urorinsa, ya rufe bango da barguna don kada sauti ya yi amsa-kuwwa. Kujeru biyu ne suna fuskantar juna, makirufo a tsakani.

"Zauna mana, 'yata."

Na kasa. Kujerar daidai take da tasa, gwiwa da gwiwa. Na jawo wani ɗan benci na zauna ƙasa-ƙasa, nesa da makirufon. Ya yi dariya.

"Likita, wannan ce farfesar taku? Ai sai ka ce an kawo ta shari'a."

"Baba, a hankali za ta saki jiki," in ji Kawu. Sai wayarsa ta yi ƙara daga asibiti, ya haura sama, ya bar ni.

Dattijon ya kunna na'ura, ya gabatar da ni, ya yabi iyayena. Sannan ya fara tambaya. To, tambayarsa ba tambaya ba ce. Sai ya faɗi labarin gaba ɗaya, ya ƙawata shi, a ƙarshe ya ce, "Ko ba haka ba, 'yata?"

Ya ce annobar ce ta haddasa yaƙin Ingila da Faransa. Yaƙin ya riga annobar farawa. Na san haka kamar yadda na san hanyar gidanmu. Na buɗe baki, na ɗaga ido na ga furfurar gemunsa, sai na ji kaina na ce, "Haka ne, Baba."

Ya ce a tsakiyar annobar ne coci ta tsage, fafaroma biyu suka tashi. Tsakanin abubuwan nan biyu an haifi yara har sun yi nasu 'ya'yan. Na ce, "Haka ne."

A gidanmu ba a katse babba. Ba a ce masa ba haka ba ne a gaban mutane, balle a gaban duk mai rediyo a Gusau. Ana bari ya kai aya, sannan a zagayo ta baya a ce wataƙila kuma akwai wani ƙaulin. Ina ta jiran ayar. Shi kuwa mutum ne da ya yi rayuwarsa yana gudun shiru a rediyo. Da na ja numfashi zan zagayo, sai ya cike gurbin.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne na ƙarshe. Ya gyara zama ya ce annobar nan ta tsaya ne a ƙasashen Turawa saboda ƙazantarsu ta wancan zamani, ba ta taɓa ƙasashen Musulmi ba. Na yi zangon karatu guda ina karanta abin da ta yi wa Masar da Sham, yadda aka rasa masu wankan gawa, yadda aka riƙa haɗa gawawwaki a yi musu salla ɗaya. Katin yana saman cinyata. Na ce, "Baba, wato, a Masar ma dai..."

"Ƙwarai, Masar! Ƙasar malamai da likitoci. Allah ya yi miki albarka. Masu sauraro, kun ji daga bakin mai ilimin abin."

Ya kashe na'ura. Ya ce na yi ƙoƙari, ya sa aka kawo mini fura daga firji.

A mota na gaya wa Kawu komai. Ya bugi sitiyari.

"Ke kuwa me ya hana ki magana?"

"Kawu, ya zan ƙaryata shi?"

Muka hau babban titi. Na roƙe shi ya kira dattijon a sake naɗa. Ya ce zai duba. Bai kira ba, na kuma san dalili. Shi ma ba zai iya ce wa mutumin nan ya yi kuskure ba.

Da aka sa shirin, Abba ya tara maƙwabta a ƙofar gida. Washegari ya kira, muryarsa cike da jin daɗi.

"Mamana, mun ji ki, ko da yake can ƙasa-ƙasa. Kowa na yaba tarbiyyarki. Liman ya ce Amurka ba ta ɓata ki ba."

"Na gode, Abba."

"Sai dai na lura da abu guda. Duk abin da kika je koyo, bawan Allahn nan ya riga ya sani, bai kuwa shiga aji dominsa ba. Ban ji kin ƙara masa ko kalma ba. To me za ki ƙaro a digiri na biyu?"

Amsar tana bakina, dalla-dalla, daga jiragen ruwan da suka kai cutar tashoshin teku har zuwa manoman da suka yi bore. Amma kafin in faɗe ta dole sai na fara cewa dattijon ya yi kuskure, liman ya yaba abin da bai kamata ba, shi kuma Abba bai fahimta ba.

Na ce, "To, Abba."

Da kaka ta shigo na fara karatun jinya. Yanzu a wani asibiti nake aiki a Largo. An ce tashar ta maimaita shirin sau da yawa a shekarar, don mutane sun so shi.