Maɓallan da Baba bai ji ba

Yayata ba ta iya zama wuri ɗaya ba, ko shayi a tsaye take shan sa. Aikinta rubuta manhajar kwamfuta. A gida Sake-sake muke ce mata, don sai ta kusa gama abu ta rushe shi ta faro daga tushe.

Da idon Baba ya fara rauni, makarantar da yake koyarwa ta ce in ba zai iya shirya tambayoyin jarrabawa da kansa ba, ya ajiye aiki a ƙarshen zango. Yaya ta ce za ta gina masa manhajar da zai riƙa rubutu, kwamfuta tana karanta masa da murya. Sai dai kowace kwamfuta da irin tsarin da take aiki da shi: ta ofis Windows ce, tasa ta gida tsohuwa ce mai Linux, ta shugaban makaranta kuma Mac, kuma dole manhaja ɗaya ta yi aiki a dukkansu. Ya rage ta zaɓi kayan gina fuskar manhajar, wato tagogi da maɓallai da wurin rubutu.

Nan fa ta maƙale. Na farko ya yi wa tsohuwar kwamfutar nauyi, fankarta na ta huci. Na biyu ta ce muninsa ya yi yawa. Na uku ne ya tafi da ita: shi ke zana maɓallansa da kansa, sumul-sumul, iri ɗaya a ko'ina. Ta yi ta safa da marwa tsakanin tebur da taga, wayoyin lantarki sun cika falo, Mama tana tsallake su tana mita. Ni kuwa haushi ya ishe ni, zango na ta ƙarewa ita tana zaɓen launi.

Ranar gwaji Baba ya zauna ya danna. Muryar ta ce, “Taga.” Ya sake dannawa. Shiru. Ashe maɓallan nan zane ne kawai, manhajar da ke karanta masa ba ta ganin su, Yaya kuma ba ta taɓa gwadawa da idonta a rufe ba.

“Ya yi kyau ko?” in ji Baba, yana shafa gilashin kwamfutar.

“Ya yi kyau, Baba,” ta ce.

“To madalla. Ku kuka gani.”

Wallahi tausayinta ya kama ni, duk da na so in yi mata tsiya. Ta koma kan na biyun, mummunan nan, mai amfani da maɓallan kowace kwamfuta na asali, waɗanda muryar ke iya karantawa. Ta ɗaure idonta da ɗankwali, haka ta riƙa aiki tana lalube, tana tuntuɓe da kujeru, Mama tana salati.

Ana saura ƙiris a rufe karɓar tambayoyi Baba ya sake zama. Ya danna, muryar ta ce, “Sabuwar tambaya.” Ya gyara zaman tabaransa da ba ya yi masa amfanin komai.

“Ku fita ku ba ni wuri,” ya ce. “Ina da aiki.”