Farantin Jamus na Kawu Ilu

Duk wanda ya taɓa shan shayi a zauren Kawu Ilu a Zinder ya san ba a miƙa maka kofi sai ka kalli farantin nan. Na ƙarfe ne, rataye a bango, ɗauke da tambarin wata gundumar manoma ta Jamus, inda aka tura shi koyon gyaran famfon rijiya yana saurayi. Wata uku kacal ya yi a can, amma mu 'ya'yan ƙannensa mun sha labarin har muka yi furfura.

A tambarin akwai zaki da alkama da wani shuɗin layi. Zakin, in ji Kawu, na tsohon sarkinsu ne, alkamar ta talakawa, shuɗin layin kuma kogin da ya raba masarautu biyu kafin a haɗe su. Sai ya shiga jero garuruwan gundumar, harshe na karyewa, shayi na hucewa. Wani baƙo ya tambaya ko akwai zaki a can. Kawu ya ce, "Ko ɗaya. Mu da kakanninmu suka gan shi ido da ido, wa ya zana?"

Har ofishin magajin gari ya je a Mirriya, wai dole a yi wa ƙauyenmu tambari. Aka ce ya kawo zane. Dattawa suka zauna, masu gero suka ce gero, masu gyaɗa suka ce ba su yarda ba. Kawu ya ce a sa jaki, tunda shi kaɗai kowa ya yarda yana aiki. Nan taro ya watse.

Yayarsa Inna Gambo ce ta kashe masa baki. Ta ce tunda ya haddace garuruwan Turawa, ya faɗo mata ƙauyukan da kakansu ya sara tsakanin Hamdara da Mirriya. Ya kawo biyu, ya cije. Ban taɓa ganin Kawu ya ji kunya ba sai ranar. Ita kaɗai ta rage mai sanin sunayen, ga tsufa ya kama ta.

Daga nan duk ranar kasuwa sai ya goya ta a tsohon babur ɗinsa, tana nuna kufai da matattun rijiyoyi, yana rubutawa, suna faɗa har su dawo. Saura kufai ɗaya ta rasu. Ya bi tsofaffi gida-gida, babu wanda ya tuna sunan. A takardar da ya bar mana, gurbin nan fili ne, a gefe ya rubuta, "Na makara."

Allah ya jiƙan Kawu da Inna, ya sada su da kakan nasu a inda ba a manta kowa.