Rabin Hatimi

Duk wanda ya shiga falon Baba Hosea a Plumstead, kafin a ba shi ruwa sai an nuna masa tarin ambulan ɗin wasiƙunsa. Tsofaffi ne, na sojojin ruwa, waɗanda aka aiko daga jiragen yaƙi, kowanne da hatiminsa da kwanan wata. Kwalayen takalma tara ya cika da su. Matarsa, Mama Juliana, ta gaji da mita tuntuni, sai dai ta goge saman kwalayen ta wuce. Abin dariyar, mutumin nan ɗan duwatsun Pankshin ne, ya yi shekara ashirin da shida yana tuƙa bas a London, kuma har yau ko jirgin fiton Woolwich bai yarda ya hau ba.

Cocinmu ɗaya, kuma tun da idonsa ya yi rauni ni nake kai shi kasuwar masu tara kan sarki da motata. A hanya na ji mafarin abin.

Yana ɗan shekara goma yayansa Nathaniel ya shiga sojan ruwa. Aka tura shi horo Ingila a wani jirgin yaƙi, ya rubuto wasiƙa ɗaya tak. Malamin coci ya karanta wa mahaifiyarsu, ta adana takardar, shi kuwa Hosea ya roƙi ambulan ɗin. Lokacin 'yan makaranta kan sarki suke tarawa, ga shi wannan na Ingila ne, da sarauniya a jiki. Ya sa reza ya yanke shi tsaf, ya manna a littafinsa. Bayan wata huɗu aka zo da labarin Nathaniel ya rasu a teku. Saƙon baki ne, babu wanda ya yi tunanin tambayar sunan jirgin, takardar kuma gaisuwa ce kawai da ƙorafin sanyi.

Abin da ya rage masa shi ne kan sarkin nan, da rabin hatimi a jikinsa, haruffa uku da suka dushe. Wasu jiragen sunansu na cikin hatimin, don haka kowane ambulan ya samu sai ya ɗora gilashin ƙara girma ya gwada, ko Allah zai sa haruffan su dace ya san inda ɗan'uwansa ya ƙare kwanansa. Ina tsokanarsa da Kyaftin, amma wallahi tausayi yake ba ni.

Bai taɓa nuna wa masu sana'ar ba. A wurinsu yanke kan sarki daga ambulan ɓarna ce, shi kuma kunya yake ji. Sai bara, a wani zauren coci a Deptford, muka haɗu da wani tsohon Bature da ya yi aikin wasiƙu a jirgin yaƙi. Hira ta yi daɗi, Baba ya yi ta maza ya fito da abinsa.

Baturen ya duba bai fi minti ɗaya ba. Ya ce wannan hatimin gidan waya ne na tashar jiragen ruwa, duk wasiƙun sojoji shi ake buga musu. Sunan jirgi, in an buga, yana can gefen hagu na ambulan. Sai ya tambaya ina sauran takardar.

Baba ya yi godiya, ya mayar da kan sarkin aljihu. Muka shiga mota, muka kama hanyar gida har muka wuce Woolwich.

"Baba, ko in yi parking ku ɗan huta?" na tambaye shi.

"A'a, 'yata, mu je." Can ya ce, "Sharon, na san inda sauran yake. Wata rana an yi ruwa, itace ya jiƙe. Mamanmu ta ce a samo mata takarda ta hura wuta. Ni na miƙa mata ambulan ɗin."

Na rage gudu.

"Gwate ta dafa ranar," ya ce. "Na ci har na nemi ƙari."