Ɗan Ƙarya a Bangon Yaya

Laifina guda ne: na ɓare wata 'yar takarda daga bangon ɗakinmu na naɗe cingam da ita. Takardu sun fi ɗari a bangon nan, ina zan san wata ta fi wata daraja?

Yayana yana digiri na biyu a nan Doha, a kan kalma ɗaya tal, wadda kakannin Turkawa suke kiran dutse da ita. Ba wanda ya taɓa jin ta, ba wanda ya rubuta ta. Masana ne suka jera 'ya'yanta, suka dubi kamanninsu, suka kintaci uwar. A Turkiyya ana cewa tash, a harshen Kazak tas, a na Uzbek tosh, wasu mutane can cikin Rasha kuma cul. Kowace tana da takardarta, a baya ya rubuta littafin da ya samo ta. Ta cul na lalata.

Sai ya ƙwace takalmin ƙwallona, ranar da za mu kara da yaran garin Wakra a wata gasa.

"Je ka buga da cingam," in ji shi.

Na zauna a benci da silifas, aka zura mana uku, ni kuwa ina ƙulla masa.

Na samu takarda irin tasa, na kwaikwayi rubutunsa mai kama da sawun kyankyaso, na ƙirƙiro ƙabila sukutum, na haifa wa uwar sabon ɗa: tushul. Na liƙa a tsakiya. Burina ya kai wa malaminsa, a yi masa dariyar da za ta mayar da shi Zariya a ƙafa.

Kwana uku yana tsayawa gaban bangon yana sosa ƙeya. Har ƙiba na yi.

A rana ta huɗu muna shan shayi ya ce, "Baba, autanka ya gano sabon harshe."

"A ina ake yin sa?"

"A ƙarƙashin gadonsa."

Ya ajiye takardar, ya juya bayanta. Fari fat. Ashe tun ranar farko ya gane, susar ƙeyar duk don ni yake yi.

Baba ya yi dariya har ya ƙware, sannan ya ce in kwafe takardun duka a kwamfuta, gaba da baya. Mako biyu na yi a kai. Takalmin sai da aka gama gasar ya dawo.